Farar giyar inabi ta Fotugal: tambayoyin da 'yan uwa suka fi yi da amsoshinsu

Tambayoyin nan kala biyu ne masu yin su. Akwai waɗanda suka samu aiki a gidan abinci ko otel a Lisbon, Porto ko Algarve, kwastoma ya ce a kawo masa farar giya su tsaya suna rarraba ido, akwai kuma waɗanda ba su sha ba za su kuma sha ba amma suna tsoron kar a zuba musu a tukunya ba su sani ba. Ni kaina ba na sha, abinda na sani na ɗanɗano daga bakin masu sha ne da kuma hancina, don wanda ya daɗe a kicin ƙamshi kaɗai ya ishe shi ya bambanta su. Ba talla nake wa kowa ba.

Wai mece ce ma farar giya, da me ta bambanta da ja?

Duk ruwan inabi ne da yis ya cinye sukarin cikinsa ya mayar da shi barasa. Bambancin yana wajen ɓawo. In za a yi ja, ana barin ruwan ya kwana da ɓawon inabin na kwanaki, daga nan yake ɗauko launi da baurin nan da ke kama baki. In fara ce kuwa matsewa ake yi a raba ruwan da ɓawon tun da wuri, shi ya sa take fitowa ruwan ɗorawa-ɗorawa, ba bauri, sai tsami da ƙamshi. A kwalba za ka ga branco, shi ne fara, tinto kuma ja.

Ba Faransa ce uwa a harkar nan ba, me ya kawo maganar Fotugal?

Faransa ta fi suna, gaskiya ne, amma 'yan Fotugal sun fi su sha in aka raba da yawan mutane, lissafin shekarun nan yana nuna sama da lita 50 ga kowane baligi a shekara, su ne kan gaba a duniya. Sannan ƙasar ƙarama ce amma tana da irin inabi nata na gida sama da 250, ba su damu sosai da su Chardonnay da kowa ke shukawa daga Chile har Afirka ta Kudu ba. Wani abin kuma teku ne. Rabin ƙasar bakin Tekun Atlantika take, iska mai sanyi da laima na hana inabin nuna da sauri, sai ya riƙe tsaminsa, kuma tsamin nan shi ne ran farar giyarsu. Da can ba a ɗaukar fararsu da daraja, sai bayan sun shiga tarayyar Turai a 1986 kuɗi ya shigo aka sayi tankunan ƙarfe masu sanyaya, daga nan ne ta fara fitowa tas ba warin tsufa.

Vinho Verde da nake gani ko'ina, koriya ce?

A'a, verde dai kore ne da yarensu, amma sunan yanki ne, akwai fara akwai ja akwai ruwan hoda duk da sunan, sai dai farar ta fi yawa nesa ba kusa ba. Yankin yana arewa maso yamma, ƙasar Minho, wajen su Braga, Guimarães da Viana do Castelo, an shata masa iyaka tun 1908. Wuri ne na ruwan sama, fiye da milimita 1,200 a shekara, ƙasar kuma duk dutsen giranit ce.

Abinda ya fi burge ni a wajen shi ne yadda talakawan da suke noman. Gonakinsu ƙanana ne, ba za ka cinye fili da inabi iyali su rasa abinci ba, toh sai su dasa inabin a gefen gona su ɗora shi kan rumfa mai tsawo ko su bar shi ya hau bishiya, a ƙasa kuma a shuka masara, wake da kabeji. Lokacin girbi sai da tsani. Ɗaga shi sama yana kuma raba shi da laimar ƙasa da ke ruɓar da 'ya'yan. Yanzu manyan gonaki sun koma jera shi a waya daidai ƙirji, amma in ka bi ƙauyuka har yau za ka ga rumfunan a bakin hanya da ginshiƙan dutse.

Ita giyar mara nauyi ce, barasarta wajen kashi 9 zuwa 11 da ɗoriya cikin 100, tsami sosai, da ɗan gas da ke tsikarin harshe. Da can gas ɗin da kansa yake samuwa a cikin kwalba don ana ɗura ta tun ba ta gama aiki ba, yanzu yawanci kamfani ne ke saka shi. Inabin da ake haɗawa su ne Loureiro mai ƙamshin fure, Trajadura, Arinto, Azal da Avesso. Wadda za ka fi gani a kanti ita ce Casal Garcia ta gidan Aveleda, tun 1939 ake yin ta. Ba a ajiye irin wannan, ta bana ake sha.

Toh Alvarinho fa, na ga kuɗinta ya ninka?

Alvarinho sunan inabi ne, giyarsa ma cikin Vinho Verde take amma ajinta daban. Yankin ya kasu gida 9, na can ƙurya a arewa shi ne Monção da Melgaço a bakin kogin Minho, in ka tsallaka kogin ka shiga Sifaniya inda suke kiran inabin Albariño. Tsaunuka sun ɗan tare wa wajen iskar teku, ya fi ɗumi da rana, don haka inabin ya fi nuna, barasar na kai kashi 12 zuwa 13, yawanci ba gas, ƙamshin kuma na lemo da ɗan itacen nan fic (peach). 'Ya'yan ƙanana ne masu kaurin ɓawo, ruwan da ake samu kaɗan ne, dole ta yi tsada. Sunayen da kwastoma masu sani ke tambaya su ne Soalheiro da Anselmo Mendes. In mutum ya ce maka Vinho Verde ruwan yara ce, bai haɗu da wannan ba.

Sauran yankunan fa?

Douro kowa ya san shi da Port, giyar nan mai ƙarfi, an shata shi tun 1756 zamanin Marquês de Pombal, babban ministan ƙasar na lokacin, yana cikin tsofaffin yankunan giya da doka ta yi wa iyaka a duniya, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi a 2001. Gangaren tsaunuka ne da aka sassaƙa hawa-hawa, dutsen wajen mai ɓarewa falle-falle ne, saiwa na bin tsagar ta nemo ruwa. Kwarin zafi ne da shi, don haka inabin fara can sama ake dasa shi inda dare ke sanyi, su Rabigato, Viosinho da Gouveio. Ta fi Vinho Verde jiki.

Dão kuma wajen Viseu, tsaunuka sun kewaye shi, inabinsu Encruzado, masana da yawa na cewa shi ne sarkin fararen inabin ƙasar don yana jure gangar katako kuma yana ƙara kyau in ya shekara. Bucelas na nan arewa da Lisbon kaɗan, gidan Arinto, tsami kamar me, sojojin Ingila na zamanin kwamandansu Wellington ne suka kai sunanta London. Fernão Pires shi ne farin inabin da aka fi shukawa a ƙasar, ya cika Tejo, a Bairrada kuma sunansa Maria Gomes, can ne ma cibiyar mai kumfar nan da suke kira espumante.

Alentejo a kudu, nan rana ba ta wasa, a bazararsu zafi na haura digiri 40. Inabin da ya iya da wajen shi ne Antão Vaz, giyar na fitowa da laushi, tsami kaɗan, ƙamshin 'ya'yan itace nunannu. A garuruwan Vidigueira da Vila de Frades har yau akwai masu yi a cikin talha, wato wata ƙatuwar randar ƙasa da wata ta fi mutum tsawo, a shafe cikinta da ƙaron itace da kakin zuma, a zuba inabin da ɓawonsa, al'ada ce tun zamanin Rumawa. Ranar 11 ga Nuwamba, bikin São Martinho, ake buɗe randunan.

Sai Pico a tsibiran Azores, tsakiyar teku. Ƙasar duk baƙin dutsen aman wuta ce, sai mutanen suka tara duwatsun suka gina ƙananan katangu dubbai, kowane ɗan shinge da kurangar inabi kaɗan a ciki, katangar ta tare iska da feshin gishiri ta kuma riƙe zafin rana. Wannan ma UNESCO ta karɓe shi a 2004. Masu sha na cewa har gishirin suna ji a baki.

Farin Port da Moscatel da Madeira, su ma farar giya ce?

Farin Port da yawancin Moscatel da farin inabi ake yin su, Madeira kuwa yawancinta da jan inabi, amma kar ka haɗa su da farar giyar da muke magana a kai. Waɗannan ana ƙara musu barasa mai ƙarfi, Port na kai kashi 19 zuwa 22, kusan ninki biyu na Vinho Verde, kuma da yawansu zaƙi ne da su. A ɗan ƙaramin kofi ake ba da su kafin abinci ko bayansa. Farin Port da ruwan tonik da ƙanƙara shi ne porto tónico, a ido sai ka rantse lemo ne, toh a kula.

Da wane abinci ake haɗa ta?

Ƙa'idar mai sauƙi ce, aikin da lemon tsami ke yi a kan gasasshen kifi shi take yi, tsamin ya yanke maiƙo ya wanke baki. Don haka mara nauyi da abinci mara nauyi, mai jiki da abinci mai nauyi.

Vinho Verde da Arinto suna tafiya da gasasshen kifi, jatan lande, salad, soyayyen abu, da sadin ɗin da ake gasawa a titi a watan Yuni lokacin bikin Santo António a Lisbon da São João a Porto, duk unguwa hayaƙi. Alvarinho da shinkafar kayan teku, ƙaguwa da dorinar ruwa. Encruzado da farar Douro ana kawo su da kaza, kifi mai miya ko bacalhau da aka gasa da madara. Shi bacalhau busasshen kifin kod ne mai gishiri, yawancinsa daga Norway, ɗan uwan busasshen kifin nan da ake shigowa da shi Najeriya, sai dai nasu da gishiri ake adana shi, a jiƙa kwana ɗaya ko biyu kafin a dafa. A kansa 'yan Fotugal ba su taɓa shiryawa ba, wasu sun ce fara wasu sun ce ja, in kai weta ne kar ka shiga rigimar, kawo wa mutum abinda ya ce.

Cuku ma fara ta fi dacewa da shi fiye da yadda mutane ke zato, musamman na Serra da Estrela da Azeitão, na nonon tumaki ne, kuma da furen wata ƙaya ake daskarar da nonon ba da abin cikin dabba ba, wanda ke da shakku kan cuku wannan labari ne mai daɗi gare shi. Abinci mai yaji kuwa, irin kazar piri-piri, mai ƙarancin barasa ake ba shi don barasa mai yawa na ƙara wa barkono zafi.

Ni ba na sha. Wane abinci ne ake zuba wa giya ban sani ba?

Nan ne maganar take. A kicin ɗin Fotugal farar giya na kusa da murhu tare da man zaitun da tafarnuwa, mai girki bai ma ɗauke ta a matsayin wani abu da zai faɗa maka ba, kuma ba a rubutawa a menu. Za ka ce ba ka cin alade ka zaɓi kifi hankali kwance, alhali an tsiyaya rabin kofi a miyar.

Waɗanda kusan kullum akwai: caldeirada, wato farfesun kifi da dankali, cataplana ta Algarve, dahuwar kayan teku wadda sau da yawa har da tsiran alade a ciki, arroz de marisco wato shinkafar kayan teku, moelas wato ƙundun kaza a miya, pica-pau wato yankakken nama a romo, da amêijoas à Bulhão Pato, wato wasu ƙananan kayan teku masu ɓawo, a gidaje da yawa. In ka ga vinha d'alhos, naman an jiƙa shi ne a giya da tafarnuwa. Prego naman sa ne a burodi amma wasu na soya shi da giya ko kitsen alade da suke kira banha. Bifana alade ce gaba ɗaya, francesinha ta Porto alade da miyar giya. Caldo verde miyar ganye ce mai kyau amma ana jefa yankan chouriço, wato tsiran alade, a ciki, arroz de pato, shinkafar agwagwa, ma haka. Har kayan zaƙi, pudim Abade de Priscos na Braga da kitsen alade da Port ake yin sa.

Waɗanda suka fi aminci su ne peixe grelhado, kifi da gishiri da man zaitun a kan gawayi, polvo à lagareiro wato gasasshiyar dorinar ruwa da man zaitun, da bacalhau à Brás wanda kifi ne da albasa da siririn dankali da ƙwai. Duk da haka tambaya ba ta kashe kowa. Ka ce "Leva vinho?" wato akwai giya, "Leva porco?" akwai alade. Ka tambayi biyun daban-daban, don in ka ce halal kawai, a ƙaramin gari sai a gyaɗa maka kai ba a gane ba. A Lisbon dai unguwar Martim Moniz cike take da mahauta da gidajen abinci na halal.

Amma ai an ce in an dafa barasar na ƙonewa?

Raguwa take, ba ta tafiya duka da sauri. Teburin ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna abin da aka dafa minti 15 kusan kashi 40 na barasar na nan, bayan awa ɗaya kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi ya sauko kashi 5. Bulhão Pato kuwa minti biyar ya yi yawa an sauke. In a gida kake son girka irin abincinsu, romon kifi da matsin lemon tsami na maye gurbin giyar, ba wanda zai yi ƙorafi.

Wadda aka rubuta sem álcool, wato mara barasa, fa?

Giya ce aka yi ta cikakkiya sannan aka cire barasar da inji. Dokar Turai ta yarda a kira ta haka ko da akwai ragowa har kashi 0.5, wasu kuma suna rubuta 0,0. Malamai sun yi magana a kai kuma ba bakinsu ɗaya ba, wannan ka kai wa malamin da ka yarda da shi. In ruwan inabi zalla kake so wanda bai taɓa zama giya ba, sumo de uva za ka nema.

Toh me zan sha in an zauna tebur kowa da kofinsa?

Água das Pedras, ruwa ne mai gas na asali daga Pedras Salgadas, da yankan lemo yana yi wa kifi kusan aikin da ake nema. Akwai lemon kwalba irin su Sumol da Compal, akwai lemon da ake matsewa a gabanka, sumo de laranja natural. Ba wanda zai kalle ka, sun saba.

Ni weta ne sabon shiga, me zan riƙe?

A kwalba, DOC na nufin ta bi dokar yankin da aka rubuta, Vinho Regional ta fi sassauci, ba wai ta fi muni ba. Seco ba zaƙi, meio seco ɗan zaƙi, doce zaƙi. Colheita shekarar girbi, casta irin inabi, quinta ko herdade gona. Marasa nauyi ana kawo su da sanyi digiri 8 zuwa 10, masu jiki 10 zuwa 12, in ta yi sanyi da yawa ƙamshin na ɓuya. Nuna kwalbar, buɗe a gaban mai ita, zuba kaɗan ya ɗanɗana, sannan ka zuba wa sauran, kashi ɗaya cikin uku na kofi ya isa. In ya ce tana warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar ce ta lalata ta, canza kawai ba gardama. Toshiyar ma tasu ce, kusan rabin ta duniya daga Fotugal take, ɓawon wata bishiya ne da ake ɓarewa duk shekara 9. Kuma kar ka sayar wa wanda bai kai 18 ba, doka ce.

Da gaske Musulmi sun taɓa mulkin wajen? Ina inabin ya shiga a lokacin?

Gaske ne. Sun shigo yankin daga 711, Lisbon ta fita hannunsu a 1147, Algarve kuma sai 1249. Ba a tumɓuke gonakin ba, ana cin inabin ɗanye ana shanya shi ya zama zabibi, Kiristoci da Yahudawan da ke zaune ƙarƙashinsu kuma suka ci gaba da yin giyarsu. In ka je Mértola za ka ga cocin garin tsohon masallaci ne, har mihirabin na nan.

Ana samun aikin girbin inabi, kuma ya halatta?

Ana samu, daga Agusta zuwa Oktoba, kudu ke farawa, kuma farin inabi ake fara cirewa don kar tsaminsa ya gudu, wasu gonakin ma da dare ko da asuba suke yi saboda zafi. A Douro da hannu ne don gangaren ba ya ɗaukar inji, almakashi da kwando a rana, aiki ne na ƙarfi ba wasa ba. Ka tabbatar da kwantiragi a rubuce kafin ka hau motar kowa, an sha kama 'yan kwangilar da ke cutar baƙi a gonakin Alentejo.

Batun halacci kuwa, haramcin giya ga Musulmi a fili yake a suratul Ma'ida aya ta 90, kuma hadisin da ya ambaci masu hannu a cikinta bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai matsewa da mai ɗauka da mai sayarwa. Shi ya sa 'yan uwa da yawa ke neman kicin, wanke-wanke, gini ko gonar zaitun da lemo maimakon tebur da gonar inabin giya. Wanda lalura ta matse ya zauna da malami ya faɗa masa halin da yake ciki dalla-dalla.

Ga masu sha, an ce kofi ɗaya a rana na da amfani ga zuciya?

Tsohuwar magana ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito a farkon 2023 ta ce babu adadin barasa da za a kira mara illa, kuma tana cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa. Fara ba ta fi ja sauƙi ba, sanyinta ne ma ke sa a sha da yawa ba a ankara ba. Tuƙi kuma iyakar doka a Fotugal giram 0.5 ne a litar jini, sababbin direbobi da masu tuƙin sana'a irin tasi da manyan motoci 0.2, wanda kofi ɗaya na iya haurar da mutum.